Babi na Shida: Jan Ruwa Mai Araha

Farashin gorar zoɓo ba ya motsi da sauƙi. Buhun sukari ya hau yau, ya sake hawa jibi. Mai ƙanƙara ya ƙara nasa don an kwana biyu babu wuta, icen girki ma ya yi tsada. Amma yarinyar da ke zagaya motoci da bokiti a Kwanar Dangora tana nan a kan kuɗin da aka saba, haka ta Tiga, haka ta bakin kasuwar Tudun Wada. Fasinja ta taga yake miƙo takarda guda, direba yana danna hon, babu lokacin neman canji. In ta ce naira 130, ta bayanta za ta ce 100, kuma gorunan duka ja ne, duka da sanyi. Sai tura ta kai bango ake tsallakawa daga wannan takarda zuwa ta gaba, kuma kowa jira yake wani ya fara. Kafin ranar ta zo, abin da ke cikin gorar shi ke canzawa.

Wanda bai taɓa dafa zoɓon sayarwa ba zai ɗauka zoɓon ne babban mai cin kuɗi a tukunyar. Sukari ne. Bayansa sai ƙanƙara, sai gorunan da yara ke tsintowa a wanke, sai ice, sai kayan ƙamshi. Busasshen zoɓo mai kyau kaɗan ake zubawa ya rina ruwa mai yawa. Shi kuwa sukarin, duk da raken da ke tsaye a fadamun Kiru da mazarƙwailar da ake dafawa daga nan har Maƙarfi, galibinsa ɗanye ake shigo da shi daga Birazil a tace a Legas, don haka da dala yake kwana, da dala yake tashi. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A daminar wannan shekarar kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Kagarko da Jaba a kudancin Kaduna, ta ruɓar da amfanin a cikin ƙasa. Matar da ke dafa zoɓo a tsakar gidanta a Bebeji ba ta san ofishin Babban Banki ba, ba ta taɓa taka Kachia ba, amma duka ukun sun same ta a bakin murhu cikin 'yan watanni.

Ragin da ake yi yana da tsari, kuma duk mai sana'ar ta san shi ko da ba za ta faɗa ba. Kanumfari ne ke fara tafiya. Sai ɓawon abarba. Citta ta koma ɗan abin da za a ce an sa. Filebo na kwalba ya maye gurbinsu, ɗigo kaɗan ya ƙamsasa bokiti guda. Daga nan a taɓa sukari: rabi shi, rabi suwita, farin garin nan da bakin cokalinsa ke zaƙaƙa ruwa mai yawa, ya bar ɗan ɗaci a maƙogwaro bayan an haɗiye. Zoɓon shi ne na ƙarshe. Ruwan tafasar farko yana fitowa da kauri, ja mai duhu har ba a ganin gindin ludayi. A da, da an tace shi sai a zubar da abin da ya rage ko a ba awaki. Yanzu mayar da shi wuta ake yi, a ɗebi ruwa na biyu, wani lokaci na uku, a haɗe. Na ukun nan ya riga ya koɗe, tsamin ya tafi, sai launi sama-sama. A nan kala ke shigowa, ƙullin jan gari na kuɗi ƙalilan, ya mayar da bokitin ja fiye da yadda zoɓon gaske zai iya.

Ban ga laifin matar ba, ko in ce laifinta bai kai na kasuwar da ta ƙi biyanta ba. An ce araha ba ta ado, amma a sana'ar abin sha adon shi ne mafi araha. Ja ba ya tsada. Ɗanɗano da ƙamshi su ne ba a samu sai an biya.

Akwai hanyar gane jan gaske da ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Launin zoɓo daga wani sinadari yake da masana ke kira antosayanin, kuma halinsa shi ne yana sauya kama da abin da aka haɗa shi da shi. A zuba zoɓo kaɗan a farin kofi, a ɗiga ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa. In na gaske ne, nan take zai yi duhu, ya juya shuɗi-shuɗi, in kanwar ta yi yawa ya koma wani baƙi mai ratsin kore. A matsa lemon tsami, jan ya dawo. Wanda kala ta riƙe kuwa da ƙyar zai nuna an taɓa shi. Mata sun daɗe da sanin rabin wannan, shi ya sa mai son kashe tsami da kanwa take sa ta da taka-tsantsan, don kada zoɓon ya yi baƙi ya ƙi sayuwa. Irin waɗannan kaloli na masana'anta, tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta gargaɗi a jikin abincin da aka sa wa ko ɗaya daga wasu shida a cikinsu, bayan wani bincike na Jami'ar Southampton a 2007 kan tasirinsu ga natsuwar yara. Uku daga cikin shidan ja ne. Ƙullin da ake saya a tebur a nan sau da yawa ko suna babu a jikinsa, balle adadin da ya kamata a zuba.

Ingancin zoɓo tun daga gona ake yanke shi. Abin da muke dafawa ba furen ba ne, ƙoƙon nan ne mai kauri da ke rungume da ƙwanson iri bayan fure ya kaɗe. Ganyen shi ne yakuwar da ke shiga miya da fate, irin kuma gurguzu, wanda ake daddawar batso da shi. Akwai mai duhu sosai, shi ne mai ba da launi. Akwai ja mai haske, ya fi tsami. Akwai fari na miya. In aka cire shi da wuri ƙoƙon bai yi nama ba, in aka bar shi ya wuce lokaci sai ya yi zare ya taurare. Bayan an yanko, da hannu ake raba ƙoƙon da ƙwanson, ɗaya bayan ɗaya, aikin mata da yara, kuma ƙaiƙayinsa yana cin yatsu. Sai shanya. Kusan kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe, kuma a waɗannan kwanaki na shanya ne zoɓo ke zama na kirki ko ya lalace. Wanda aka baza sama-sama a kan tabarma ko tampol, ana juyawa, ana kwashewa kafin raɓa, yana bushewa ƙarau da sheƙinsa, in ka matse shi a tafin hannu ya karye ya bar ƙamshi mai tsami. Wanda aka jibge a ƙasa yana kwasar yashi, cikinsa ya yi gumi, ya yi fumfuna, ya fito da launin ƙasa-ƙasa da warin ɗaki. Na bara ma haka, ko an adana shi da kyau jan yana raguwa.

Kudancin Kano ba ita ce ainihin ƙasar zoɓo ba. Nan ruwa ya fi yawa, damina takan kai Oktoba, kuma wajen Doguwa, tsakanin duwatsun Riruwai da dajin Falgore, raɓar kaka mai nauyi ce. Ƙasar ta masara ce da shinkafa da dawa da rake da waken suya. Zoɓo a gefen gona ake jera shi ya zama iyaka, kuma yana nuna ne daidai lokacin da kowa ke fama da karyar masara da bugun shinkafa. Duk tampol ɗin gidan yana ƙarƙashin shinkafa. Zoɓon kasuwa mai yawa daga Jigawa yake fitowa da arewacin Kano da Katsina, da wanda ke tsallakowa daga Nijar ta Maigatari, inda iska ta fi bushewa. Duk da haka akwai manomi a Tudun Wada ko Kiru da zai bi nasa da kulawa, ya shanya shi a tabarma, ya kai kasuwa. Ga irin maganar da ake yi a kansa:

"Baba, nawa ka sa masa?"

"Alhaji, duba dai da kyau. A tabarma aka shanya shi, ko ƙwayar ƙasa babu."

"Na gani, Baba, Allah ya yi albarka. Amma kasuwa ɗaya ce. Kuɗin buhu yau ke nan, kowa haka na saya."

Alhaji ya juye shi a kan tulin da ya saya tun safe, mai ƙasa da marar ƙasa, na bana da na bara. Baba ya karɓi kuɗinsa, ya ba dillali la'ada, ya kuma koyi darasi. Baɗi a ƙasa zai shanya. In ma ya ji ana sayen buhu da nauyi, to yashi da danshi riba ne.

Rarrabewar tana faruwa, amma can gaba. A manyan ɗakunan ajiya na kasuwar Dawanau mata ke zama a jere suna tsince itace da tsakuwa, ana tankaɗe, ana ware cikakken ƙoƙo da karyayye. Cikakken shi ake dannawa a kwantena a nufi tashar jirgin ruwa a Legas. Babbar mai sayensa Mekziko ce, inda jan ruwan zoɓo yake abin sha na yau da kullum a gidajen abinci da bakin titi, kamar yadda yake a Masar da Sudan da Senegal. Hukumar da ke duba lafiyar amfanin gona mai fita waje ta ce a cikin wata tara na 2017 an kai wa Mekziko kwantena 1,983, na kimanin dala miliyan 35. Ba da jimawa ba Mekziko ta rufe ƙofa saboda ƙwarin ajiya da aka gani a wasu kaya, kuma sai da aka yi shekaru ana tattaunawa, aka amince da yadda za a riƙa turara kayan da magani kafin lodi, sannan cinikin ya dawo. A shekarun rufewar farashi ya faɗi, mai kyau ya wadata a gida. Da ƙofa ta buɗe, mai kyau ya koma jirgi, ɓurɓushi da ragowar tankaɗe suka koma kwanon awo. Mai dafa zoɓon naira 100 daga wannan kwano take saye.

Duk wannan an taɓa yin sa a wata ƙasa, da wani ɗan itace, wato inabi, kuma an rubuta tarihinsa dalla-dalla. Mu nan inabi ci muke yi. Giya haramun ce a addini, a dokar Kano ma haka tun da aka dawo da shari'a a 2000. Amma a Faransa da Italiya da Sifaniya mafi yawan inabin da ake nomawa matse shi ake yi a tsima, kuma babu wani abin sha da aka bi lissafin gonarsa da kasuwarsa kamar jar giyar inabi mai araha. Lissafin ne ya shafe mu.

Ruwan cikin baƙin inabi, in ban da 'yan nau'o'i kaɗan, ba ja ba ne. Launin yana cikin ɓawo, kuma dangin sinadarin nan ne na zoɓo. Ƙamshi da ɗan baurin da masu shan ke nema su ma galibi a ɓawon suke. Don haka ƙananan 'ya'ya masu kaurin ɓawo sun fi manya masu cike da ruwa daraja. Manomin da ya ƙoshar da kurangarsa da ruwa da taki, ya bar mata duk nonnan da ta fitar, zai cika mota, amma abin da za a matse zai fito salam. Duk wanda ya yi noman rani da ruwan Tiga ya san haka a tumatir: wanda aka dura wa ruwa ya fi cika kwando, wanda ya ɗan sha wuya ya fi kaurin miya. Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. A Kalifoniya, a 'yan shekarun nan, tan ɗaya na baƙin inabin Cabernet daga kwarin Napa yana haura dala 8,000, na manyan gonakin ban-ruwa da ke tsakiyar jihar kuma sau da yawa ba ya kai dala 500. Tan ɗaya yana ba da kwalba 700 da ɗoriya. Ke nan inabin da ke cikin kwalba mai tsada ya wuce na dala 11, na cikin mai araha bai kai na dala ɗaya ba. Da irin na biyun ne aka fito da giyar Charles Shaw a 2002 a kan dala 1.99, aka sayar da miliyoyin kwalabe. A wannan farashi gilashin da marfin da kwalin da kuɗin mota sun kusa cinye komai. In launin ya gaza, akwai wani inabi mai jan ciki, Rubired, da ake dafe ruwansa ya yi kauri, a ɗan zuba ya ƙara duhu da zaƙi. Dokarsu ta yarda, tunda shi ma inabi ne.

Ido kuwa yana riga harshe yanke hukunci. A 2001 a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun ba ɗalibai 54 masu koyon fannin giyar inabi farar giya da aka rina ja da kala marar ƙamshi. Suka shinshina, suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Waɗanda karatunsu ke nan ma launi ya ja su, balle fasinjan da ƙishi ya dama a motar Jos.

Faransa ta kai ga wannan matsala tun ƙarni na 19. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro da ya zo daga Amurka ya bi saiwar kurangar inabi ya kashe gonaki jiha bayan jiha. Kaya ya yi ƙaranci, masu dabara suka shiga haɗa abin sha da zabibi da sukari da ruwa da rini. Da aka sake dasa gonakin, manoman Languedoc a kudu suka zaɓi irin da ya fi yawan 'ya'ya, suka sauko da shi fadama. Ya ba da ruwa mai yawa, marar ƙarfi, marar launi. Maganin sai aka samo shi a Aljeriya, wadda ke hannun Faransa a lokacin. Turawan da suka ƙwace filaye a can sun dasa inabi har kusan hekta 400,000 a shekarun 1930, a ƙasar Musulmin da ba sa sha, kuma zafin ranarta yana ba da ruwa mai duhu da ƙarfi. A tankunan jirgi ake kai shi a gauraya da na Languedoc. Har zuwa wajen 1960 babu ƙasar da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi a duniya. Bayan 'yancin 1962 Faransa ta rage saye, gwamnatin Houari Boumédiène ta tumɓuke gonaki masu yawa a shekarun 1970.

Tun kafin nan, a 1907, farashi ya faɗi har manoman Languedoc suka kasa biyan haraji. Wani manomi mai ɗan shagon shayi a ƙauyen Argeliers, Marcelin Albert, ya jagoranci gangami a kan masu algus. Daga 'yan mutane kaɗan taron ya riƙa girma kowace Lahadi, har ranar 9 ga Yuni mutum sama da 500,000 suka cika Montpellier. Soja ya yi harbi a Narbonne, an rasa rayuka, wata runduna ta 'yan yankin ta ƙi bin umarni. A ranar 29 ga watan majalisa ta yi dokar hana ƙara ruwa da yawaita sukari, ta tilasta kowane manomi ya bayyana abin da ya girba. A 1935 aka kafa tsarin da ya ɗaure sunan wuri da ƙa'ida: in kana son ka rubuta sunan garinku a kwalba, ga irin da za ka shuka, ga iyakar abin da za ka ɗiba daga hekta guda. Tsarin bai kawar da mai araha ba, bai kuma kashe ha'inci ba. A 1986 a Italiya wasu sun ƙara wa giya mai araha ƙarfi da sinadarin metanol, kusan mutum 20 suka mutu, wasu suka makance. Abin da tsarin ya yi shi ne ya ba manomin da ya rage yawa don inganci hanyar da mai saye zai gane shi ya biya shi. Wannan hanya ce Baba mai tabarma ba shi da ita.

Inabin da ya fi kusa da mu yana ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, wajen Hunƙuyi, arewa da Zariya, tafiya kaɗan daga Kwanar Dangora. Can ake ɗora kuranga a kan rumfuna, a yi mata aski don ta fitar da sabon fure, a ba ta ruwa da rani. In ya nuna ana ganinsa a faranti a bakin hanya da kasuwar 'Yan Lemo a Kano, kusa da wanda aka shigo da shi daga Afirka ta Kudu ko Masar a cikin 'yar roba mai murfi, mai ninkin kuɗinsa. Mutane kan ce na gida tsami gare shi. Sau da yawa ba irin ba ne, lokacin yanka ne. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi daga jikin uwarsa. Mangwaro da ayaba suna nuna a ɗaki, shi yadda aka yanke shi haka zai tsaya har ya ruɓe. Kwanakin ƙarshe a kan kuranga su ne sukari ke taruwa tsami ya sauka, kuma su ne kwanakin da tsuntsaye ke sauka, 'ya'yan su yi laushi su ƙi jure hanya. Babu ɗakin sanyi, ɗan sari yana tsaye da kuɗi a hannu, kuma kwali ɗaya kuɗi ɗaya ne ko an jira ko ba a jira ba. Manomi ya yanka da launi ya fito, tunda launi yana riga zaƙi zuwa.

Sai kwalbar biki. Yanzu da wuya a yi liyafar aure, ko a Kano ko a Kiru, ba a jera dogayen kwalaben nan masu takardar zinare a wuya ba, waɗanda ake kira wayin, marasa maye. Yana da kyau mutum ya juya bayan kwalbar ya karanta, bayan ya tabbatar da lambar NAFDAC. Wasu ruwan inabi ne zalla da iskar gas. Wasu kuwa ruwa ne a farkon jerin, sai sukari, sai ɗan kason dafaffen ruwan inabi, sai ƙamshi da launi, kuma ƙa'idar rubutun ita ce abin da ya fi yawa shi ke zuwa farko. Dafaffen ruwan inabin da ke yawo a kasuwar duniya mai yawa daga Sifaniya yake, musamman Castilla-La Mancha, yankin da ya fi ko'ina faɗin gonakin inabi a duniya, inda ake noma don yawa. Uban amarya da ya sayi katan goma, yawancin kuɗinsa gilashi ya saya da takardar zinare da hayar jirgi da kuɗin kwastan, da ƙarar da marfin ke yi in an buɗe. Ni dai in za a ba ni zaɓi a wurin, zoɓon tafasar farko da cittarsa da kanumfarinsa nake ɗauka, amma na san ba don ɗanɗano ake jera kwalaben ba, don hoto ne da idon dangin ango.

Zoɓon kirki bai ɓace ba, wurin zama ya canza. Akwai matan da ba sa ba yara talla, sai dai a yi musu waya: na suna, na walima, na buɗa-baki da azumi. Suna sa dabino ko mazarƙwaila a madadin wani kaso na sukari, abarba ta gaske, sabuwar gora mai liƙaƙƙen murfi, su faɗi kuɗi ninki uku ko huɗu na tasha, kuma ana saye, a Tudun Wada ma ba sai Kano ba. Irin wannan mata ba ta aike. Da kanta take zuwa kasuwa, ta tsoma hannu cikin buhu har wuyan hannu don ta ji na ƙasan, ta matse, ta shinshina, ta ɗanɗana ɗaya.

"Malam, wannan na bara ne."

"Hajiya, ke dai ba a yi miki wayo. Bari in ɗauko miki na ciki."

Na cikin ya fi tsada, kuma tana biya ba gardama. Mai teburin ne ya sayi buhun gauraye, ya zauna da yaransa da faifai suka tsince cikakkun ƙoƙuna masu duhu gefe guda, suka bar sauran wa masu bokiti. Ƙarin da Hajiya ta biya a aljihunsa yake tsayawa, ladan tsintarsa. Manomin da ya shanya waɗannan ƙoƙunan a tabarma a wani ƙauyen Doguwa an riga an sallame shi tun watan Nuwamba, a kan kuɗin buhu na ranar.